Kundin Aiki: Furotin da Sitacin Shinkafa a Cikin Injin Ekstiruda

13 ga Janairu, 2025

Yau aka kammala haɗa shinkafar da za a yi wannan aiki da ita. Iri ɗaya muka tsaya a kai, wato FARO 44 wadda manoma suka fi sani da Sipi, kuma daga gona ɗaya aka auno shansherar, domin kada bambancin iri ko na ƙasa ya shiga cikin sakamakon. An raba ta gida biyu tun kafin a kai ta injin casa. Rabi an case shi ɗanye, ɗaya rabin kuma an jiƙa shi, an turara, an shanya, ya zama gumi. Daga kowane ɓangare karyayyiyar kaɗai muka ɗiba, saboda ita ce ke faɗowa da yawa daga rariyar masu casa ana sayar da ita da araha, kuma ita ce duk mai niyyar kafa masana'antar sarrafa garin shinkafa zai fara nema.

Injin da za a yi amfani da shi ekstiruda ne mai sukuru biyu da ke juyawa gefe guda. Ana zuba gari mai ɗan danshi ta baya, sukurorin su ja shi cikin bututun ƙarfe mai ɗakunan zafi a jere, su murza shi, su matse shi har ya narke ya zama ƙullu mai yauƙi, sannan su turo shi ta wata 'yar ƙofa a gaba. A cikin bututun, ruwan da ke jikin ƙullun yakan wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba saboda matsi, amma da zarar ya leƙo waje sai ya koma tururi nan take, ƙullun ya kumbura ya bushe. Duk wannan ba ya wuce minti ɗaya ko biyu.

Abin da muke nema shi ne sanin abin da ke gudana tsakanin furotin da sitaci a cikin wannan ɗan lokaci. Kusan kashi 90 cikin 100 na busasshen nauyin farar shinkafa sitaci ne, furotin kuwa yana tsakanin kashi 6 zuwa 8, shi ya sa masu sarrafa ta da dama suke lissafi kamar sitaci zalla ne ke shiga injin. Ƙwayoyin sitacin shinkafa suna cikin mafi ƙanƙanta a hatsi, daga maikuromita 3 zuwa 8, masu kusurwoyi, a cure da juna, furotin kuma yana zaune a tsakaninsu cikin 'yan ƙunshi iri biyu. Iri na farko zagayayye ne, furotin da ake kira furolamin ke cikinsa, kuma an san shi da jure dahuwa da jure narkewa a ciki. Iri na biyu ba shi da tsayayyar siffa, shi ke ɗauke da gulutelin, wanda ya fi kowane furotin yawa a shinkafa. Ana yawan rubuta cewa wucewa ta ekstiruda tana ɗaure furotin da sitaci su zama abu guda, kuma ana jingina raguwar kauri da jinkirin narkewa ga wannan ɗauri. Ni dai ban gamsu da cewa an tabbatar da hakan a kowane wuri da aka faɗe shi ba, domin akwai aƙalla wasu dalilai biyu da za su iya ba da sakamako iri ɗaya: karyewar sitacin kansa saboda murza, da kuma haɗuwar amilos, ɗaya daga cikin sassa biyu na sitaci, da maiƙo. An tsara aikin ne yadda za a iya ware waɗannan uku daga juna.

22 ga Janairu

An niƙa ɗanyar da gumin, an tankaɗe su da rariya ɗaya, tunda girman tsakin gari yana canja saurin shan ruwa a cikin bututu. Gumin ya fi wuyar niƙa nesa ba kusa ba. An auna furotin ta hanyar Kjeldahl, ana ninka naitirojin da 5.95 kamar yadda aka saba ga shinkafa maimakon 6.25 na galibin abinci, amilos kuma an auna shi da aidin, ana karanta shuɗin a nanomita 620. Yawan furotin a garin biyu ya zo kusa da juna, abin da ake tsammani ke nan, domin turarawa ba ta ƙara furotin, siffarsa take canjawa.

Hunturu ya shigo cikin lissafi. Garin da aka bari a buɗe na 'yan sa'o'i yakan rasa danshi har ma'auni ya nuna, alhali a wannan aiki bambancin kashi 1 ko 2 na danshi ya isa ya sauya kumburin abin da ke fitowa. Saboda haka aka kafa ƙa'ida: a auna danshin kowane gari a ranar da za a jiƙa shi, a yayyafa masa ruwan da lissafi ya bayar, a ƙulle shi cikin leda mai kauri ya kwana a firiji domin ruwan ya ratsa ko'ina. Matakan danshin uku ne, kashi 16, da 20, da 28, zafin ɗakin ƙarshe na bututu kuma digiri 110, da 130, da 150.

4 ga Fabrairu

Wanda ke son sanin aikin furotin dole ne ya ga yadda sitacin zai kasance idan babu shi, don haka makon nan ya tafi a kan shirya garin gwaji. An jiƙa wani ɓangare na ɗanyen garin a ruwan sodiyam haidirokusaid mai ƙarfin kashi 0.2 cikin 100, wanda ke narkar da gulutelin ya bar sitaci, sannan aka wanke shi har ma'aunin pH ya nuna alkalin ya fita. Daga wani ɓangaren kuma aka ciro furotin bi da bi, bisa tsarin da masanin Amurka Thomas Osborne ya shimfiɗa tun farkon ƙarni na 20: ruwa ya fitar da albumin, ruwan gishiri ya fitar da gulobulin, barasa ta fitar da furolamin, alkali mai sauƙi ya fitar da gulutelin. An kwantar da gulutelin ɗin ta hanyar sauko da pH zuwa kusan 4.5, aka busar da shi, aka mayar da shi cikin tsantsar sitacin daidai yawan da yake a garin asali, sannan a wani kason aka ninka shi.

Akwai abubuwa biyu da za a riƙa tunawa a duk lokacin da ake karanta sakamakon waɗannan garuruwan gwaji. Alkali ba furotin kaɗai yake cirewa ba, yana tafiya da wani ɓangare na maiƙon da ke jikin ƙwayoyin sitaci, saboda haka aka ƙara wani kaso wanda aka cire masa furotin da enzayim mai yanka furotin, ba tare da alkali ba. Na biyu kuwa, gulutelin da aka ciro aka mayar ba daidai yake da wanda ke zaune a ƙunshinsa na asali ba, domin ya riga ya warware sau ɗaya a cikin alkali. Zai iya nuna mana inda abin ya dosa, amma ba zai ba da ainihin girman tasirin ba.

Dalilin da ya sa muka fi sa ido a kan gulutelin tsohon sani ne. A farkon shekarun 1990, Hamaker da Griffin sun nuna cewa idan aka zuba wa garin shinkafa DTT, sinadarin da ke yanke haɗin da ke tsakanin sulfa da sulfa a jikin furotin, yadda sitacin ke kumbura da yadda yake yin kauri a dahuwa yakan canja sosai. Wato furotin kaɗan ɗin nan yana riƙe da ƙwayoyin sitaci ne tun kafin a kai su wani inji. Wancan aiki an yi shi ne a ruwa mai yawa da zafin tukunya, namu kuwa a ruwa kaɗan ne da murza mai tsanani.

12 ga Fabrairu

An fara gudanar da injin da ɗanyen gari da tsantsar sitaci. Ma'aunin da muka fi kula da shi shi ne yawan ƙarfin murza da kowane kilo na gari ya sha, wanda ake fitarwa daga nauyin da injin ke ja, da saurin juyawar sukuru, da yawan garin da ke wucewa a awa. A danshin kashi 16 injin ya ja nauyi ƙwarai, abin da ya fito kuma ya kumbura ya yi sakayau, yana karyewa da ƙara. A kashi 28 nauyin ya faɗi, igiyar da ke fitowa ta zama mai sheƙi, mai laushi, kusan ba ta kumbura ba.

Wani abu da ya kamata a rubuta tun yanzu shi ne cewa ƙara zafin bututu ya rage nauyin da injin ke ja, saboda ƙullun yana ƙara tsinkewa idan ya yi zafi, sukurorin kuma ba sa samun abin da za su murza da ƙarfi. Ke nan samfurin da aka yi a digiri 150 ba lalle ne ya fi na digiri 110 wahala ta fuskar karyewar sitaci ba, mai yiwuwa ma ya fi shi samun sauƙi. Duk kwatancen da za a yi nan gaba za a ɗora shi a kan ƙarfin murza ne, ba a kan lambar da ke jikin ma'aunin zafi kaɗai ba.

Tsantsar sitacin ta fi garin asali kumbura a kowane mataki, ramukan iskar da ke cikinta manya ne masu siraran bango. Da aka mayar da gulutelin, kumburin ya ragu, ramukan suka ƙanƙance suka yawaita, wanda aka ninka wa furotin kuma ya fi duka tauri.

14 ga Fabrairu

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar gudanar da gumi, ƙullun ya sandare a cikin bututu, sai da aka kwance sukurorin aka wanke. An zubar da duk abin da aka tara a wannan zama. Daga yanzu ba za a kunna injin ba sai a kan janareta, kuma ba za a ɗebi samfuri ba sai nauyin injin da matsin bakin fita sun tsaya cak na wasu mintuna.

27 ga Fabrairu

Sakamakon ɓangaren sitaci ya fara haɗuwa. A na'urar DSC, wadda ke auna zafin da samfuri ke sha yayin da ake ɗumama shi, ɗanyen gari ya nuna tudun nan da aka sani na narkewar tsarin sitaci, amma a samfuran da suka wuce ta injin a danshin kashi 16 da 20 tudun ya ɓace, alamar cewa babu sauran ƙwayar sitaci da ke kan tsarinta na asali. Na'urar RVA, wadda ke auna kaurin gari a cikin ruwa yayin da ake ɗumama shi, ta faɗi abu ɗaya ta wata hanya: garin da aka niƙa daga waɗannan samfura yana yin kauri tun ruwan yana da sanyi, sannan ya tsinke idan aka ɗumama shi, saɓanin ɗanyen gari da ba ya kauri sai ya ji wuta.

An kuma auna yawan ruwan da gari ke sha da yawan abin da ke narkewa daga jikinsa ya bi ruwa. Abin da ke narkewar ya hau tare da ƙarfin murza kusan kafaɗa da kafaɗa. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani game da amilofektin, ɗaya sashen na sitaci, wanda ƙaton ƙwayar sinadari ne mai rassa da yawa, ba ya iya miƙewa ya bi kwararar ƙullu, don haka murza ke tsinka shi gida-gida, yayin da amilos, da yake ƙarami ne kuma siriri, yakan tsira da ɗan lahani. A ƙarfin murza iri ɗaya, samfuran da ke da furotin sun ba da abin narkewa ƙasa da na tsantsar sitaci. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu: ko dai furotin yana kare amilofektin daga tsinkewa, ko kuma gutsattsarin suna nan amma furotin ya tare su ba sa fita cikin ruwa. Wannan gwaji ba zai raba gardamar ba, sai an yanka furotin ɗin bayan an gama sarrafawa a sake aunawa.

18 ga Maris

Wannan ne ɓangaren da na fi jira. An ɗauki garin kowane samfuri an jiƙa shi a ruwan gwaji iri huɗu, kowanne yana kwance wani nau'in ɗauri. Na farko ruwan fosfet ne kawai, wanda ke ɗauko furotin da ba a ɗaure yake da komai ba. Na biyu an ƙara masa yuriya, mai warware haɗin haidirojin. Na uku an ƙara SDS, mai raba sassan furotin da suka manne wa juna saboda ƙin ruwa. Na huɗu an ƙara DTT a kan waɗancan, domin ya yanke haɗin sulfa da sulfa.

A ruwan fosfet, furotin shinkafa dama ba ya narkewa sosai, bayan wucewa ta injin kuma abin da ke narkewar ya ƙara raguwa. Yuriya da SDS sun dawo da wani kaso mai kyau. Amma babban tsallen ya zo ne da DTT, wanda ya dawo da mafi yawan abin da ya rage. An tabbatar da hakan a faranti na SDS-PAGE, inda furotin ke rabuwa layi-layi bisa nauyinsa. Gulutelin ana ƙera shi ne a cikin ƙwayar shinkafa a matsayin furotin mai nauyin kilodalton 57, sannan a yanka shi gida biyu, ɗaya mai 37 zuwa 39, ɗaya mai 22 zuwa 23, waɗanda haɗin sulfa ke riƙe da su. A farantin da babu DTT, layukan gulutelin na samfuran da aka sarrafa sun dushe, wani tarin furotin ya maƙale a can sama ya kasa shiga cikin farantin saboda girmansa. A farantin da ke da DTT, layukan biyu sun dawo wurarensu kusan kamar yadda suke a ɗanyen gari. Layin furolamin na kilodalton 13 bai motsa sosai ba a duka biyun. Gwajin Ellman, wanda ake karantawa a nanomita 412, ya nuna cewa sulfar da ke sake ta ragu bayan sarrafawa, abin da ya dace da cewa an kashe ta ne wajen ƙulla sababbin haɗi.

Ma'anar wannan a wurina ita ce, babban ɗaurin da injin ya ƙulla tsakanin furotin ne da furotin. Gulutelin ya fito daga ƙunshinsa, ya warware, ya sake ɗaurewa da 'yan'uwansa ya zama manyan curi. Da a ce akwai ɗauri mai ƙarfi da yawa tsakaninsa da sitaci, da DTT bai isa ya dawo da shi kan layinsa daidai nauyinsa na asali ba, domin sitaci ba shi da sulfar da za a yanke. Akwai dai ɗan kaso da ko ruwa na huɗu bai narkar ba, kuma ya fi yawa a samfurin danshin kashi 16 da digiri 150. A nan ne kaɗai nake zargin akwai ɗauri na dindindin, wataƙila ta hanyar haɗuwar sukari da laisin, ɗaya daga cikin amino asid da ke gina furotin, kuma za a bi shi daban.

9 ga Afrilu

An yanka samfuran sirara an rina su da launi biyu, ɗaya mai kama sitaci, ɗaya mai kama furotin, aka duba a madubin ƙara girma mai amfani da hasken leza. Hoton bai nuna abu guda da ya gauraye ba. Sitacin shi ne shimfiɗar da ta mamaye ko'ina, furotin kuma yana cikinsa a matsayin zare-zare da gutsattsari da suka miƙe suna bin hanyar da ƙullun ya kwarara, kamar ɓuntun da magini ke cuɗawa a cikin laka. A bangon ramukan iska, inda sitacin ya miƙe ya yi siriri, sau da yawa a daidai gurbin wani curin furotin ne bangon ya yage, kuma wannan ya isa ya bayyana dalilin raguwar kumburi ba tare da an nemo wani sabon sinadari ba. An ga kuma 'yan ƙwallaye zagayayyu da ba su fashe ba, girmansu ya yi daidai da na ƙunshin furolamin, sun fi yawa a samfuran danshin kashi 28 inda murzar ba ta yi tsanani ba.

29 ga Afrilu

An yi gwajin narkewar abinci irin na cikin ciki a kwalba bisa tsarin da Englyst da abokan aikinsa suka fitar a 1992, inda ake auna gulukos da enzayim ya saki a minti 20 da kuma a minti 120. Abin da ya narke a minti 20 na farko shi ne sitaci mai saurin narkewa, na tsakanin 20 da 120 mai jinkiri, wanda ya rage bayan nan kuma mai turjiya.

Abu na farko da ya wajaba a faɗa shi ne cewa duk samfuran da suka kumbura sun narke da sauri ƙwarai, ko da furotin ko babu. Sitacin da aka dafa, aka tsinka, aka kuma hura masa ramuka ya buɗe wa enzayim ƙofa ta kowane gefe. Duk wanda zai tallata irin wannan abinci da sunan cewa ya dace da masu ciwon sukari saboda furotin ya ɗaure sitacinsa, to wannan sakamako ba ya goyon bayansa. Bambancin da furotin ya kawo ƙarami ne kuma a mintunan farko yake: samfuran da ke da shi sun ɗan yi jinkiri a kan tsantsar sitaci. Da aka fara jiƙa su da fefsin, enzayim ɗin ciki mai yanka furotin, kafin a zuba mai yanka sitaci, mafi yawan wannan jinkiri ya tafi. Hakanan abin da ke narkewa a ruwa, wanda aka bar tambayarsa a buɗe ranar 27 ga Fabrairu, ya ƙaru bayan an yanka furotin ɗin, ko da yake bai kai na tsantsar sitaci ba. Ke nan galibin aikin furotin a nan shinge ne, yana tare hanya, ba ya canja sitacin kansa sai kaɗan.

Sauran jinkirin da fefsin bai kawar ba shi ya kai mu ga maiƙo. A na'urar hasken eksre, ɗanyen sitacin shinkafa yana ba da tudu a kusurwar digiri 15, da 17, da 18, da 23. Bayan sarrafawa waɗannan sun shafe, wasu sababbi biyu suka fito a wajen digiri 13 da 20, waɗanda alama ce ta amilos da ya naɗe kansa ya rufe ƙwayar maiƙo a tsakiya. Irin wannan naɗi yana ba enzayim wahala. Tudun biyu sun fito sarai a garin asali da kuma a kason da aka cire wa furotin da enzayim, amma sun yi rauni a sitacin da aka wanke da alkali. Da a ce sitacin alkali kaɗai muka kwatanta da garin asali, da duk bambancin an ɗora shi a kan furotin, alhali wani ɓangarensa na maiƙo ne. Karyayyiyar shinkafa kuwa takan zo da ragowar dusa a jikinta gwargwadon yadda aka goge ta, saboda haka wannan batu ba na ɗakin gwaji kaɗai ba ne: gari daga injin casa biyu daban zai iya ba da sakamako biyu daban ko da irin shinkafar ɗaya ne.

14 ga Mayu

Gumi ya nuna halinsa daban. Tun kafin ya shiga injin, sitacinsa ya riga ya dahu sau ɗaya ya sake daskarewa, furotinsa kuma ya riga ya fara ɗaurewa, domin ko a garin da ba a sarrafa ba sai da DTT aka iya narkar da kaso mai yawa. Abin da ya fito daga injin bai kai na ɗanya kumbura ba, ya fi tauri, launinsa kuma ya fi duhu a kowane mataki.

Duhun ne ya sa aka auna laisin. Shi ne amino asid da ya fi ƙaranci a furotin shinkafa idan aka gwada da bukatar jikin ɗan Adam, kuma shi ne na farko da ke shiga haɗuwar Maillard, inda sukari ke kama furotin a zafi mai yawa da ruwa kaɗan, abinci ya yi ja. Laisin da jiki zai iya amfana da shi ya fi raguwa a danshin kashi 16 da digiri 150, asarar kuma ta fi yawa a gumi. A danshin kashi 28 asarar ba ta taka kara ta karya ba. Samfuran da suka fi asarar laisin su ne dai waɗanda suka bar ragowar furotin da ba ya narkewa a gwajin watan Maris, don haka zargin da aka yi a lokacin ya ƙara ƙarfi. Idan ɗaurin dindindin tsakanin furotin da gutsattsarin sitaci yana faruwa, to a wannan lungu yake faruwa, kuma da laisin ake biyan kuɗinsa. Ga mai son yin garin kunun yara da wannan hanya, wannan ne saitin da zai guje wa, ko da kuwa shi ne ya fi ba da kumburi mai kyan gani.

12 ga Yuni

An sauya bakin fita da mai ramuka masu siffar ƙwayar shinkafa, aka sa wuƙa mai juyawa tana yanka, aka ɗaga danshi sama da kashi 30, aka kuma sauko da zafi ƙasa da digiri 100 domin kada ƙullun ya kumbura. Haka ake ƙera ƙwayoyin shinkafar da ake cusa wa sinadarin ƙarfe da bitamin, waɗanda galibi ake gauraya ɗaya cikin ɗari da shinkafar gaske, kuma shi ne tsarin da Indiya ta sanar a 2021 cewa za ta bi a shinkafar da gwamnati ke rabawa. A gidajenmu ana wanke shinkafa sosai kafin a ɗora ta, wasu ma suna tafasa ta su tsiyaye ruwan farko, saboda haka ƙwayar da za ta yi amfani a nan dole ta jure wanki da tafasa ba tare da ta narke ba.

A nan furotin ya koma abin so. Ƙwayoyin da aka yi da tsantsar sitaci sun yi danƙo a tukunya, sun zubar da abu mai yawa cikin ruwan dahuwa, gefensu ya zagwanye. Na garin asali sun riƙe siffarsu, na gumi kuma sun fi kowa tsayawa, sai dai launinsu ba zai ɓuya a cikin farar shinkafa ba, ko da yake zai saje da gumin da aka fi dafawa a kasuwanninmu. Shingen nan da ya hana kumburi a watan Fabrairu shi ne yake hana ƙwayar tarwatsewa yanzu.

26 ga Yuni

Da shigowar damina, samfuran da suka kumbura waɗanda aka ajiye a buɗe sun sha laima sun yi laushi, na cikin leda mai rufi kuwa suna nan da ƙararsu. Ba a ga wani bambanci a wannan ba tsakanin masu furotin da marasa shi. Ƙwayoyin shinkafar da aka dafa aka ajiye a firiji sun taurare kamar yadda tuwon shinkafa ke yi idan ya kwana, kuma na'urar DSC ta fara nuna ƙaramin tudun amilofektin da ke sake jeruwa. Za a ci gaba da aunawa domin a ga ko furotin yana rage saurin wannan taurarewa.

Gwajin da ke gaba shi ne a hana haɗin sulfa ƙulluwa tun a cikin injin. Za a gauraya wani kaso na gari da sinadarin da ke toshe sulfar da ke sake, wani kason kuma da sistin, amino asid mai ɗauke da sulfa, sannan a ƙera ƙwayoyi da su a saiti ɗaya da na 12 ga Yuni. Kason farko na gwaji ne kawai, ba za a ɗanɗana shi ba, kuma za a wanke injin gaba ɗaya bayansa. Idan ƙwayoyin da aka toshe wa sulfa suka zagwanye a tukunya kamar na tsantsar sitaci, to ɗaurin gulutelin ne ke riƙe da su. Idan kuwa suka tsaya, dole a koma a duba rabon amilos da maiƙo, kuma hakan zai bukaci a kawo wani irin shinkafa mai ƙarancin amilos a kwatanta da Sipi.